Babur ɗin da Fanne Ta Zaɓa wa Ƙanenta

Fanne 'yar Mangawan Karasuwa ce. Ba ta gama zama budurwa ba sanƙarau ya shigo garinsu, a bazarar da ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa Nguru. Ya ɗauki uwarta, ya dawo ya ɗauki ubanta tun ba a tashi daga zaman makoki ba. Abin da aka bar mata ɗakin ciyawa ne guda, da akuya mai ciki, da ƙanenta Kyari wanda ko yaye shi ba a yi ba.

Dangi suka ce a raba su, ita ta bi gwaggo, shi a kai shi gidan baffa. Fanne ta ɗaure yaron a bayanta da majanyin uwarsu, ta ce ba inda za a kai shi sai da ita. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka gaji aka ƙyale ta. Da akuyar ta haihu, da nononta aka raini Kyari. Damina ta zagayo fara ta cinye gero, gari ya koma cin ganye da garin goriba. Wannan yunwa ce ta hana Kyari tsawo. Ya tashi gajere, siriri, mai kaifin kai da saurin fushi, kuma duk yaron da ya taɓa shi ya san da Fanne zai yi.

Da lokacin aure ya yi, wani masunci ɗan Dagona mai suna Mudi ya neme ta. Ta ce ta yarda, amma da ƙanenta za ta tare. Mudi mutum ne mai sanyin hali. Ya ce ɗakin da ya ɗauki mutum biyu ba zai kasa na uku ba.

A Dagona ta koyi banda wajen matan Bade: yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke, da irin itacen da hayaƙinsa ke ba kifi launi ba tare da ya sa shi ɗaci ba. Ta haihu sau biyu, duka ba su tsaya ba. Duk da haka, in an tambaye ta daga baya, takan ce a Dagona kaɗai ta san abin da ake kira kwanciyar rai.

Lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, kifi ya yi daraja. Mudi ya fara kai bandarsa Nguru da kansa don a sa a jirgi. Da jakai yake zuwa. Wata rana a Gashuwa ya sami babbar motar wani ɗan kasuwa za ta Nguru, ya ɗora kwandunansa, ya hau can saman buhuna. Kusa da Jajimaji motar ta kwanta a wani gangare, kaya suka rufto masa. A cikin tabarma aka kawo mata shi. Ta buɗe ta ga yadda ƙirjinsa ya koma, ta rufe.

Tun daga ranar ta yanke hulɗa da duk wani ƙarfe mai tafiya. Takan ce, "Jaki in ya kayar da kai yakan tsaya ya dube ka. Ƙarfe ba ya waiwaye."

Da ta fita takaba ta tattara nata ya nata, ita da Kyari suka taka a ƙafa har Nguru. Ta kama wani ɗan gida a bayan tasha, ta gina murhun banda a tsakar gidan. Tana sayen ɗanyen kifi wajen masunta, ta ƙyafe, ta sayar wa fataken kudu. Masu neman aurenta sun zo, har da wani mai awon fata da ya nace, ta ce musu tana da ɗa da ba ta gama raino ba.

Kyari ya fara da ɗinkin buhu a sito na wani Kwara, Balarabe farar fata, mai sayen gyaɗa da ƙaro. Kwaran ya lura yaron yana lissafi da ka kafin akawu ya gama jiƙa fensir, sai ya ba shi sikeli da keke, ya ce ya riƙa bin kasuwannin ƙauye yana saya masa. Keke a ƙasar Nguru kuwa rabi hawa ne rabi turi. Yakan dawo gwiwoyinsa suna rawa, leɓensa ya tsage. Amma ya samu. Fanne ta nemo masa mata, Hadijatu, 'yar wata ƙawarta daga Katuzu, yarinya mai kunya da yawan dariya. Suka haifi 'ya, aka sa mata Meram, sunan uwarsu. Fanne ta riƙa goya ta tana juya kifi, har jikin yarinyar ya ɗauki ƙamshin hayaƙi.

Ana cikin haka ƙanen Kwaran ya koma ƙasarsu, ya bar babur ɗinsa a farfajiyar sito. Baƙi ne, ƙato, tankinsa kamar tulun da aka kwantar. In an tashe shi har tantabarun tasha sukan watse. Kwaran ya ce duk wanda yake so cikin yaransa zai sayar masa. A lokacin babura a Nguru ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. A wani kanti kuma an kawo waɗansu ƙanana masu launin toka, kukansu kamar na keken ɗinki.

Wata la'asar Fanne tana tsugune gaban murhu, Kyari ya shigo ya tsaya a kanta.

"Ya Fanne, zan sayi babur."

Ba ta ɗago ba. "Keken fa?"

"Keke ya cinye mini gwiwa. Kafin in kai kasuwa rana ta yi tsaka, waɗansu sun gama saye."

"Wane babur?"

"Na gidan maigida. Baƙin."

Ta ajiye tsinken da ke hannunta. "Wanda in ya wuce nake jin shi a haƙorina?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da farko so ta yi ya bar zancen babur ɗin gaba ɗaya. Ta tuna masa Mudi. Ta ce ya sayi doki, ko raƙumi, in sauri yake so. Ya ce doki ci yake ko an hau shi ko ba a hau ba, kuma zamani ya wuce nan. Ta yi fushi, ta daina ci da su. Ya zo ya durƙusa ya ba ta haƙuri, amma bai janye ba. Sai ta gane yaron da ta goya ya zama magidanci, ba za ta iya hana shi ba. Abin da ya rage mata shi ne ta rage girman abin da zai hau.

Akwai wani tsohon soja, Abatcha, wanda ya tuƙa mota a yaƙi, ya dawo yana gyaran injuna a ƙarƙashin wata bishiyar maina kusa da tasha. Fanne ta zuba masa kifi a ƙwarya ta je.

Abatcha ya gaishe ta da Barbarci: "Wushe, Ya Fanne. Yau ke ce a wurin baƙin mai?"

"Tambaya na zo yi. Mutumin da bai taɓa hawa babur ba, da wanne zai fara? Na sito ko na kanti?"

Abatcha ya goge hannu da tsumma. "Kyari ne?"

"Shi ne."

"In dai koyo ne, ƙaramin. Babban nan ƙarfinsa ya fi na mahayinsa. Hannu kaɗan za ka murɗa ya wuce, sai ya fice daga ƙarƙashinka. Ga nauyi. Ƙaramin kuwa ko ya kayar da kai za ka tashi ka kakkaɓe riga." Ya ajiye tsumman. "Sai dai gaskiya guda: a rairayi mai zurfi babban ya fi ja. Ƙaramin yakan gaji."

Fanne ta riƙe farkon maganar da hannu biyu. Ƙarshenta kuwa a gindin mainar ta bar shi.

Ta dawo ta faɗa wa Kyari abin da Abatcha ya ce. Ta ce ba a koyon tuƙin kwalekwale a tsakiyar ambaliya. Ta ce ya fara da ƙaramin, in hannunsa ya faɗa, bayan shekara ko biyu ya sayar ya sayi duk wanda ransa yake so, ita da kanta za ta raka shi.

"Kafin nan wani ya saye baƙin," in ji Kyari.

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba, Ya Fanne. Ƙarasa karin maganar."

Ta bi ta wajen Hadijatu. Yarinyar ta yi masa magana da taushi, ya ce mata ita ma an ɗora ta. Ta je wajen limamin unguwa. Liman ya kira shi ya yi masa nasiha kan hakkin wanda ya raine ka, Kyari ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Washegari aka gan shi a farfajiyar sito yana goge tankin baƙin babur da hannun rigarsa.

Ranar da ta ji an ce zai karɓe shi, Fanne ta yafa mayafi da hantsi ta nufi sito. Ba ta taɓa shiga wurin ba. Leburori suna ta jigilar buhuna, masu ɗinki suna zaune a inuwa. Kyari yana tsaye kusa da babur ɗin tare da abokinsa Babakura, wani dogon saurayi mai faɗin kafaɗa, shi ma mai saye wa Kwaran gyaɗa. Da ya gan ta fuskarsa ta canza.

"Ya Fanne, lafiya?"

"Lafiya lau. Na zo in ga abin da za ka saya. Hau in gani."

Ya duba hagu da dama, ya ɗaga ƙafa ya hau. Sai da ya miƙe yatsun ƙafarsa kafin suka taɓa ƙasa.

"Ƙafarka ba ta kai ba."

"In yana tafiya ba a bukatar ƙasa."

"In ya tsaya fa?"

Masu ɗinkin buhu suka dakata da allura.

"Sauka," in ji ta. "Kwantar da shi."

"Don me?"

"In ka faɗi a daji tsakanin nan da Karasuwa, wa zai ɗaga maka? Kwantar da shi ka ɗaga. In ka ɗaga shi kai kaɗai, na sa albarka, ba zan ƙara cewa komai ba."

Da a gida ne da ya ƙi. Amma idanu sun yi yawa. Ya kwantar da babur ɗin, wanda ya kusa fizge shi ƙasa tun kafin ya gama kwanciya. Ya tofa yawu a tafinsa, ya kama kan babur ɗin ya ja. Ya ɗan taso, ya koma. Ya zagaya ya sa baya ya tura, jijiyoyin wuyansa suka fito, hularsa ta faɗi. Fetur ya fara ɗiga cikin ƙasa. Ya sake gwadawa, ƙafarsa ta zame ya zube a gwiwa.

Wani lebura ya fashe da dariya, sauran suka bi. Babakura bai yi dariya ba. Tausayi ne ya sa ya matso ya sunkuya, ya ɗaga babur ɗin da yunƙuri guda ya tsayar. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Kyari ya ɗauki hularsa, bai kakkaɓe ta ba, ya fita. Fanne ta bi shi da kallo. Ta sami abin da ta zo nema, amma a hanyar gida ƙafafunta sun yi mata nauyi.

Bayan 'yan kwanaki ya turo ƙaramin babur mai launin toka cikin gida, ya jingine shi a zaure, bai ce mata ga shi ba. Ita ta fito ta shafa shi ta yi addu'a. Baƙin kuwa Babakura ya saya.

A filin Idi Abatcha ya koya masa. Ya faɗi ya fi a ƙirga. Salansa ta ƙona masa ƙwauri, Fanne ta shafa masa man shanu. Wata rana a fadama ya afka cikin wani rami babur ɗin ya danne masa ƙafa, ya ture shi ya tashi, ya dawo gida taɓo har kunne. Fanne ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka. Ta ce masa, "Ka gani? Da baƙin ne da yanzu ana maka ɗori, in ma an same ka."

Ya ce, "Da baƙin ne da ya tsallake ramin."

Amma hannunsa ya faɗa. Kakar farko ta yi kyau, domin an ba shi kasuwannin hanyar Gashuwa inda ƙasa take da tauri. Yakan dawo kafin magariba, ya ɗora Meram a kan tanki ya zaga da ita unguwa tana ihu. Fanne takan tsaya a ƙofar gida tana faɗa masa ya rage gudu, amma bakinta a buɗe yake da murmushi. Abu ɗaya ne ba ta sani ba: a sito leburori sun raɗa wa babur ɗin suna. In Kyari ya shigo sai a ce, "Ga Zaɓin Yaya nan." Har yaran tasha suka ɗauka.

Kaka ta biyu masu sayen gyaɗa suka yi yawa a Nguru. Wanda ya riga kafa sikeli shi ke kwashe kaya. Kwaran ya tura yaransa can arewa, kasuwannin cikin tuddan rairayi. Nan Babakura ya riƙa wucewa kamar iska, sikeli a baya, yashi yana tashi. Na Kyari kuwa in ya shiga rairayi sai ya yi ta kuka ba ya gaba, sai an sauka an tura, ga shi ya fi keke nauyi. Yakan iso an ci rabin kasuwa.

Ranar wata kasuwar Karasuwa, garin da aka haife shi, inda manoma suka yi masa alkawari za su jira shi, injin ya yi zafi a tsakiyar wani tudu ya ɗauke. Ya taka, ya taka, ko tari bai yi ba. Ya tura shi cikin rana har ruwan gorarsa ya ƙare. Da ya isa, rumfuna sun zama kango, sai karnuka da ɓawon gyaɗa. Manoman sun jira har azahar, sannan suka sayar wa wani. A kan amalanken shanu aka dawo da shi da babur ɗin washegari, aka bi da su ta tsakiyar gari.

Kwaran bai yi faɗa ba. Ya ce kawai ya miƙa sikeli, kasuwanninsa a haɗa wa Babakura, shi kuma in yana so ga allura ga buhu, ya koma inda ya fara. Kyari ya ajiye sikelin ya fito.

Fanne tana kwashe kifi daga murhu ya shigo. Ta riga ta ji labari.

"Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji ta. "Abatcha zai gyara shi. Akwai waɗansu masu sayen, ba Kwara ɗaya ba ne a Nguru."

"Kowa ya ga an kawo ni a amalanke."

"An kawo ka da ranka. Ni na ga wanda aka kawo a tabarma."

"Kullum tabarmar nan!" Muryarsa ta tashi har Hadijatu ta leƙo daga ɗaki. "Mudi ya mutu, Allah ya jiƙansa. Ni ban mutu ba, amma kin binne ni tare da shi. Kin je gaban leburori kin kwance mini zani. Kin san sunan da suke kirana da shi?"

"Don kada in rasa ka na yi."

"Abatcha ya gaya miki ba ya jan rairayi. Ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce ya gaya miki."

Hayaƙi yana shiga idonta, ba ta kawar da kai ba.

"Ya gaya mini," in ji ta.

"Kika ɓoye."

"Kyari, ni na ɗaure ka a bayana lokacin da..."

"Har yau ban sauka ba! Ina da mata, ina da 'ya, har yau ina cikin majanyi. Goyo kika yi, Ya Fanne, ba haihuwa ba. Ki sauke ni."

Hadijatu ta sa salati. Fanne ta juya ta ci gaba da jera kifi cikin kwando, tana ɗaukar masu zafi da hannu ba ta ji.

Kwanakin da suka biyo yana gaishe ta da safe kamar yadda ya saba, ita ma tana amsawa. Ta ɗauka abin ya wuce. Sai wata safiya ya ce wa Hadijatu za shi Kano neman ƙarfen da ya lalace a injin, Abatcha ya ce babu shi a Nguru. Ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ɗaga Meram ya sauke. Fanne tana wajen masunta a lokacin. Ya ce a gaya mata ya tafi.

Jirgi ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Fanne ta riƙa zuwa tasha tana duba masu sauka. Ta tambayi fataken da suke sayen kifinta. Wani ya ce ya gan shi a Fagge yana shan shayi. Da wata ya cika ya sake cika, ta ɗaure kuɗin jirgi a bakin zane, ita da ta rantse ba ita ba ƙarfe, ta shiga jirgin Kano. Ta ƙanƙame benci har suka isa, idonta a rufe, tana ta jan salati.

A Kano ta sauka gidan wata 'yar Nguru. Ta bi wuraren gyaran babur da na mota ɗaya bayan ɗaya, tana kwatance: gajere ne, siriri, yana da tabon ƙuna a ƙwauri, Hausarsa da sauran Barbarci a ciki. Waɗansu su ce Allah ya bayyana, waɗansu ko ɗago kai ba sa yi. Wani mai sayar da kayan gyara ya ce wani mai kama da shi ya zo ya tambayi kuɗin ƙarfe, ya juya shi a hannu, ya ajiye ya tafi. Iyakar abin da ta samo ke nan. Guzurinta ya ƙare ta dawo.

Labarai sun riƙa zuwa jefi-jefi. An gan shi a Bukur cikin masu haƙar kuza. An gan shi a Kumasi yana yaron mota. Wani alhaji da ya dawo ta ƙasa ya ce ya ga mai kama da shi a gonakin auduga na Sudan. Babu wanda ya zo da saƙo daga bakinsa.

Fanne ta sa aka sayo ƙarfen daga Kano, Abatcha ya gyara babur ɗin, ya tashe shi a ƙofar gida ya kashe. Ta ce a mayar da shi zaure, in Kyari ya dawo ya tarar da shi da lafiya. Masu son saye sun zo, ta ce ba nata ba ne.

Hadijatu ta yi haƙuri iyakar yinta. Dariyarta ta ƙare, ta rame. Da shekaru suka tura, iyayenta suka zo daga Katuzu suka kai magana gaban alƙali, aka raba auren. Fanne ba ta yi jayayya ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar mata Meram. Uban Hadijatu ya dubi tsakar gidan, baƙin bango da murhu da mace ɗaya mai tari, ya ce yarinya ta yi ƙanƙanta, in ta girma za a riƙa kawo ta. Fanne ta ɗaure wa yarinyar kifi a tsumma, ta raka su har bakin gari. Meram tana kan jaki tana waiwaye tana kiran Fanne, "Kaka, taho mana."

Daga nan jikinta ya fara saki. Ba ta tsufa a shekaru ba, amma hayaƙin banda ya cinye mata ido ya sauka ƙirji. Ta koma gane nunar kifi da hannu da hanci. Fatake suka fara cewa bandarta tana ƙonewa, suka koma wajen waɗansu. Kaji suka mai da ƙarƙashin babur ɗin wurin ƙwai, tayoyinsa suka tsage.

Babakura kuwa ya bunƙasa. Ya sayar da baƙin babur ya sayi babbar mota, ya je Makka ya dawo. Bai manta da ita ba. Wata rana da hantsi ya sa aka sauke mata buhun gero, ya shigo ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta. Suka taɓa zancen ruwa da tsadar kifi. Ya ce duk inda direbansa ya je yana sa shi ya yi cigiyar Kyari. Har ya yunƙura zai tashi ta ce, "Alhaji, tsaya in tambaye ka."

"Ina ji, Ya Fanne."

"Baƙin babur ɗin nan. Duk shekarun da ka yi kana hawa, ya taɓa kayar da kai?"

Babakura ya dubi idanunta da suka yi fari-fari. Ya gane amsar da take so. Ya buɗe baki zai ba ta, sai ta ce, "Don Allah gaskiya. Ka sha ruwan Zamzam."

Ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya. A rairayi. Ko ƙwarzane ban yi ba."

"Kai dogo ne," in ji ta a hankali.

"Ni dogo ne, Ya Fanne. Shi da ya hau, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Wataƙila ke kika cece shi."

Ta gyaɗa kai. "Wataƙila." Ta laluba ta kama tsinke. "Madalla. Allah ya ƙara tsarewa. Ka gaida gida."

Ya fita ya bar ta tana juya kifin da ya riga ya ƙone ta gefe ɗaya.

Da damina ta sauka tarin ya kwantar da ita. Matan layin kifi ne suka riƙa karɓa-karɓa suna kwana da ita. Ba ta yi wasiyya mai tsawo ba. Ta ce murhu da kwanduna a ba maƙwabciyarta, 'yan kunnenta na azurfa a kai wa Meram. Ta rasu ranar wata Talata ana yayyafi, shekara guda kafin a ba ƙasa mulkin kai. Babakura ya sayi likkafani, Abatcha yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Bayan an dawo daga maƙabarta liman ya ce a aika wa dangi. Aka tura mutum Karasuwa, aka tura Katuzu. Ruwa ya cika hanya, Hadijatu ba ta samu isowa ba sai bayan sadakar bakwai, da goyon sabon aurenta a baya. Liman ya tambaya ko akwai wanda ya san inda za a aika wa ƙanenta. Mutane suka dubi juna. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.